Kamara marar madubi: su sun rage kaya sun ƙara kuɗi, mu ina muka tsaya?

Kwanan baya ɗan ƙanwata ya iske ni da dare, bayan an tashi daga fada, ya ce yana son shawara. Shekara biyar ke nan yana ɗaukar hoto a Maraɗi: biki, suna, saukar karatu, taron siyasa in an samu. Kamararsa irin mai madubi ce, ƙirar 2013, ta hannu ya saya daga Kano da gilashi biyu. Yana kuma da babur da ya ba wani yaro yana yi masa kabu-kabu. Ya ce mini, "Kawu, sayar da babur ɗin zan yi, in haɗa da kuɗin kamarar, in sayi marar madubi. Duk wanda ke tashe yanzu ita ce a hannunsa, amare kuma bidiyo suke so, ba hoto kaɗai ba."

Na tambaye shi ta wane kamfani. Ya ce duk wadda kuɗinsa suka kai. Wannan amsa ce ta sa na ce ya ba ni mako ɗaya. Mutum zai zuba duk abin da ya mallaka cikin rigimar da wasu manyan kamfanoni ke yi a Japan, bai san me suke rigima a kai ba, bai san wanda ke da ƙarfin jurewa ba. Abin da na gaya masa bayan makon shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ke cikin wannan tunani ba, daga Damagaram har Yamai.

Mu fara da madubin kansa, tunda sunansa ake ta kira. A cikin kamara irin ta da, akwai ɗan madubi da ke kishingiɗe tsakanin gilashin gaba da farantin da ke karɓar haske. Shi ke tura surar abin da ke gabanka zuwa tagar da kake leƙawa. In ka danna, sai ya ɗaga, haske ya wuce ya sauka a faranti, sannan ya koma mazauninsa. Ƙarar nan da muka saba ji a wurin biki, rabinta tasa ce. Marar madubi ta cire shi ɗungum. Haske na sauka kai tsaye a faranti, abin da kake gani a taga kuwa ƙaramin allo ne irin na salula. Da haka gangar jikin ta rage kauri, kana ganin yadda hoton zai fito tun kafin ka danna, kamarar na iya kama ƙwayar idon mutum ta bi shi duk inda ya juya, tana iya ɗauka shiru ba ƙara, kuma bidiyo ya zame mata abu mai sauƙi. Ba na musun ko ɗaya cikin waɗannan. Kayan sun fi na da. Maganata a kan kasuwar take.

Masu ƙera kamara na Japan suna da ƙungiya mai suna CIPA, wadda ke fitar da lissafin kayan da suka tura kasuwa. A 2010 sun fitar da kamara sama da miliyan 120. A 2023 abin bai kai miliyan 8 ba. Wato ko ɗaya cikin goma sha biyar na wancan lokaci bai cika ba. Ba sai an je Tokyo ba a gane dalili. Ƴar ƙaramar kamarar aljihu da alhazai ke dawowa da ita tsaraba, yaushe rabonka da ganinta? Tecno da Itel da ke aljihun kowa sun cinye ta a nan, kamar yadda iPhone da Samsung suka cinye ta a can. Manyan kamarori da ake sauya wa gilashi su ma sun ji jiki: daga kimanin miliyan 20 a 2012, sun dawo wajen miliyan 6 a 2023.

Cikin wannan ragowar ne marar madubi ta ƙwace gari. A 2020 ta wuce mai madubi a yawan da aka fitar, karo na farko. A 2023 an fitar da marar madubi kusan miliyan 5, mai madubi kuwa miliyan ɗaya da ɗan kai. A 2024 marar madubi ta haura miliyan biyar da rabi, mai madubi ta ƙara yin ƙasa. Don haka in ka ji ana cewa kasuwar marar madubi na bunƙasa, gaskiya ne. Sai dai ka riƙe a ranka cewa ɗaki ɗaya ne ke cika a gidan da yawancin ɗakunansa suka zube.

Abin mamaki, waɗanda suka buɗe wannan hanya ba su ne ke cin moriyarta ba. Panasonic ne ya fitar da ta farko, Lumix G1, a 2008, bisa tsarin da suka haɗa kai da Olympus suka ƙirƙiro. Olympus ya biyo baya a 2009. Samsung na Koriya ta Kudu da Sony suka shigo a 2010. To ina suke yau? Samsung ya tattara ya bar sana'ar kamara gaba ɗaya, ya koma kan salularsa. Olympus, bayan shekaru yana tafka asara a wannan sashe, ya ba da sanarwar sayar da shi a 2020 ga wani kamfanin zuba jari mai suna Japan Industrial Partners, yanzu kayan na fitowa da sunan OM System. Panasonic na nan, amma rabonsa kaɗan ne. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Waɗanda suka yi sammako sun share fili, masu kuɗi suka zo daga baya suka kafa rumfa.

Cikin masu sammakon, Sony kaɗai ya mai da sammakonsa dukiya. Shi dama baƙo ne a sana'ar kamarorin da ake sauya wa gilashi, a 2006 ya sayi sashen kamara na Konica Minolta. Ba shi da tarin tsofaffin abokan ciniki irin na Canon da Nikon da zai ji tsoron ɓata wa rai. A ƙarshen 2013 ya fitar da A7, marar madubi mai babban faranti, girman tsohon fim na milimita 35, irin wanda ƙwararru ke so. Canon da Nikon suka tsaya kallo har shekara biyar, don mai madubi na kawo musu kuɗi, ba su son su kashe ta da hannunsu. Sai a 2018 Nikon ya fito da Z6 da Z7, Canon ya fito da EOS R, tsakaninsu ƴan makonni. A 2020 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya ba da sanarwar mai da masu ɗaukar hotonsa duka kan kayan Sony, abin da shekara goma kafin nan ba wanda zai yi mafarkinsa. A ƙarshen 2021 shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa wa wata jaridar Japan cewa EOS-1D X Mark III ce za ta zama ta ƙarshe cikin manyan kamarorinsu masu madubi. Kiɗa ya sauya, rawa ta bi.

Yanzu tambaya: ta yaya kamfani zai rasa mafi yawan masu sayen kayansa, amma ya ci gaba da cin riba? Amsar ita ce farashi. Sun daina neman jama'a, sun koma neman masu hali. A7 III ta Sony, wadda aka ɗauka a matsayin ta masu matsakaicin ƙarfi, ta fito a 2018 a kan dalar Amurka kusan 2,000, gangar jiki kaɗai ba gilashi. Wannan ya haura miliyan ɗaya na sefa, kafin kuɗin jirgi, kafin duwan, kafin ribar ɗan kasuwa. EOS R5 ta Canon ta fito a 2020 a kan kusan 3,900. Z9 ta Nikon kusan 5,500. A1 ta Sony kusan 6,500. Kamara ɗaya irin wannan ta fi musu ƙananan aljihu talatin. Ga shi kuma cire madubi ya rage musu ƙananan sassa masu motsi da ke buƙatar saiti a masana'anta. Z9 ma ko labulen ƙarfe da ke buɗewa ya rufe gaban faranti lokacin ɗauka ba ta da shi.

Amma babbar ribar ba a gangar jiki take ba, kuma nan ne nake son mai karatu ya tsaya da kyau. A gaban kowace kamara akwai zoben ƙarfe da ake murɗa gilashi a kai. Mu kira shi baki. Kowane kamfani da irin bakinsa, gilashin wannan ba ya hawa na wancan. Nikon ya riƙe bakinsa na F tun 1959, Canon ya riƙe EF tun 1987. Mutum in ya tara gilasai a kansu, ya gama, sai dai ya riƙa sauya gangar jiki jefi-jefi. Da aka cire madubi, gilashi ya matso kusa da faranti: tazarar da ke milimita 44 a tsohon bakin Canon ta dawo 20 a sabon bakinsa na RF, ta Nikon daga 46.5 ta dawo 16 a bakin Z, ta Sony 18 ce a bakin E. Sabon baki, sabbin gilasai. Tsohon gilashi na iya hawa sabuwar kamara in an saka zoben haɗi a tsakani, amma sabon gilashi ba ya komawa kan tsohuwa. Wato kamfanonin sun sami dalilin sake sayar wa mutum duk abin da ya riga ya saya.

Shi ya sa na ce wa ɗan ƙanwata sayen kamara aure ne. Gangar jiki sadaki ce, sau ɗaya ake biya. Gilashi shi ne cefane, shi ba ya ƙarewa. Kuma wanda ya tara gilashi huɗu ko biyar a baki ɗaya, saki ya yi masa tsada. Duk gasar da ake yi tsakanin Canon da Sony da Nikon, waɗanda su uku suka riƙe fiye da kashi uku cikin huɗu na kasuwar, a kan wannan ɗaurin aure ake yin ta.

Kowa kuma da dabararsa. Sony ya buɗe ƙofa tun 2011, ya ba sauran masu ƙera gilashi damar yin kaya a bakinsa. Shi ya sa yau bakin E ya fi kowane yawan zaɓi: ga na Sigma da Tamron na Japan, ga Samyang na Koriya, ga Viltrox da ire-irensa na ƙasar Sin, a farashi hawa-hawa. Canon ya bi akasin haka. Ya tsare bakin RF, har a 2022 aka ji ya sa Viltrox ya janye gilasansa masu saita kansu daga wannan baki. Sai a 2024 ya bar Sigma da Tamron suka shigo, su ma a ɓangaren ƙaramin faranti aka fara ba su izini. Ƙarfin Canon shi ne sunansa da yawan mutanensa: yana shelar cewa tun 2003 shi ke kan gaba a duniya wajen kamarorin da ake sauya wa gilashi, kuma gilasan da ya ƙera sun haura miliyan 150. Ya yi lissafin cewa masu wannan tarin za su biyo shi ko ƙofar na rufe, kuma zuwa yanzu lissafin bai ci amanarsa ba.

Nikon, wanda aka yi ta yi wa zaman makoki wajen 2020, ya farfaɗo da Z9 da Z8, sannan a 2024 ya sayi RED, kamfanin Amurka mai ƙera kamarorin fim, don ya cike giɓin da yake da shi a bidiyo. Panasonic ya ga shi kaɗai ba zai iya ba, sai a 2018 ya haɗa kai da Leica na Jamus da Sigma a baki ɗaya mai suna L. Fujifilm ya ƙi shiga kokawar babban faranti sam, ya tsaya a wanda ya fi shi ƙanƙanta da wanda ya fi shi girma, yana sayar da kamarori masu kamannin na kakanni da launin tsohon fim. Ricoh kuwa, mai Pentax, ya ce shi yana nan tare da madubinsa.

To ina kasuwar ta dosa? Masu sharhi da yawa na murna da ƙaruwar da aka gani a 2023 da 2024. Ni ina ganin a yi hattara, saboda dalilai uku.

Na farko, babban abin da ke tura cinikin nan ƙaura ce. Mutanen da ke da mai madubi ne ke komawa marar madubi, suna sake sayen gilasai. Ƙaura kuwa sau ɗaya ake yin ta. Ranar da na ƙarshe ya sauke kayansa a sabon gida, wannan ruwa ya ɗauke. Sannan wanda ya riga ya ƙaura, me zai sa ya sake saye da wuri? Kamarar 2018 har yau tana aikin da ya fi ƙarfin buƙatar yawancin masu ita. Abin da ake ƙarawa yanzu ya koma na ƴan tsiraru. A9 III da Sony ya nuna a ƙarshen 2023 tana ɗaukar hoto 120 a daƙiƙa ɗaya. Mai ɗaukar tseren gudu a gasar Olamfik zai yi murna. Mai ɗaukar amarya tana zaune bisa kujera fa, me zai yi da hoto 120 na murmushi ɗaya?

Na biyu, ƙofar shiga ta ƙuntata. Ƙwararren da ke sayen kamarar miliyan uku yau, da ƴar araha ya fara jiya. Miliyoyin ƙananan masu madubi da aka sayar wajen 2012, su ne gonar da aka shuka masu sayen yau. Akwai masu sauƙin kuɗi a yanzu, irin R50 da R100 na Canon, ZV-E10 ta Sony, Z30 ta Nikon, kuma yawancinsu an yi su ne don matasa masu ɗora bidiyo a YouTube da TikTok. Amma wannan matashi da salula ya girma, kuma salular na ƙara kyau kowace shekara. Kafin ya yarda ya rataya wani abu mai nauyi a wuya, sai an ba shi hujja mai ƙarfi. Gaskiya ne akwai yayi: X100VI ta Fujifilm, wadda ko gilashi ba a sauya mata, ta fito a 2024 aka yi ta layi ana jira wata da watanni, kuma matasan ƙasar Sin sun ba kasuwar ƙarfi sosai a ƴan shekarun nan. Sai dai yayi kamar ruwan kwari ne, ba a gina rumbu a bakinsa.

Na uku, sana'ar ta taru a hannu kaɗan da wurare kaɗan, don haka ƙaramar girgiza na taɓa kowa. Girgizar ƙasar Kumamoto a 2016 ta tsai da masana'antar faranti ta Sony, kamfanoni da yawa da ke saye a wurinsa suka rasa kaya. Ƙarancin ƙananan sassan lantarki a 2021 ya sa Sony da kansa ya dakatar da karɓar odar wasu kamarorinsa, masu sauƙin kuɗin ne kuwa aka fara jinginewa. A 2025 harajin da Amurka ta ɗora wa kayan waje ya sa manyan kamfanonin suka ƙara farashi a can. Kowace irin wannan matsala, ƙaramin mai saye ake fara sadaukarwa.

Wani zai ce, to miye laifi? Leica na sayar da kaɗan da tsada, kuma yana zaune lafiya. Haka ne, amma Leica ɗaya ne, masu sayensa kuma suna biyan suna ne kamar masu sayen agogon zinariya. Kamfanoni uku manya ba za su zama Leica duka ba. Ƙera sabon faranti da ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi na cin maƙudan kuɗi, sai an raba su a kan kaya masu yawa. Nan ne za a duba wa ke da wata gona. Sony shi ne kan gaba a duniya wajen ƙera farantin ɗaukar hoto, yana sayar wa masu salula, yana sayar wa abokan gasarsa ma. Ko salula ta ci ko kamara ta ci, yana da rabo. Canon na da injinan buga takardu da kayan asibiti. Fujifilm na da harkar lafiya, ga kuma Instax mai fitar da hoto nan take, wadda ke kawo masa kuɗi sosai. Nikon ya fi su dogara da kamara, shi ya sa kuskure ya fi yi masa tsada. Amma wata gonar ma takobi ce mai kaifi biyu. Olympus da Samsung sun fita ne don suna da abin da ya fi kamara riba, ba su ga dalilin ci gaba da wahala ba.

Hasashena shi ne yawan kayan zai tsaya wajen inda yake, ya ɗan hau ya ɗan sauka, ba zai sake komawa kusa da na 2012 ba. Canon da Sony za su ci gaba da jan gaba. Tsagar bangon kuwa daga ƙasar Sin nake sa ran ganinta. Sun fara da gilashi mai araha, yanzu suna yin mai kyau. DJI ya mamaye kasuwar ƙananan jirage masu ɗaukar hoto da ƙananan kamarorin bidiyo, kuma shi ke da rinjaye a Hasselblad na Suwidin. Japanawa sun fi kowa sanin wannan hanya, don ita suka bi. Da kwaikwayon Leica da Contax na Jamus suka fara, kafin Nikon F ta 1959 da ƴan uwanta su raba Jamusawa da kasuwar. Wanda ya bar ƙasan kasuwa ba mai tsaro, wani zai shigo ta nan. Kuma a ganina, ranar da aka zo nan, mai buɗaɗɗen baki zai fi mai rufaffe kwanciyar hankali, don mutanensa na da dalilin zama ko aljihunsu ya yi sanyi.

Mu dawo gida. Mu a lissafin waɗannan kamfanoni kusan ba mu ciki. Kayanmu ta Kano da Kwatano da Dubai suke zuwa, yawanci bayan wani ya more su. Wannan matsayi na da daɗi da ɗaci.

Daɗin shi ne ƙaurar da ake yi a Turai da Amurka da Asiya na zubo da masu madubi na ƙwararru cikin gwanjo. Kamarar da ta ɗauki hotunan manyan mujallu shekara goma da suka wuce ba ta manta aikinta ba don an daina yayinta. Gilasan EF da na F kuwa sun yi yawan da ba za su ƙare a zamaninmu ba, kuma suna hawa sabbin kamarorin gidansu da zoben haɗi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma abin da masu talla ba su faɗa, don ba a ƙasarmu suke gwaji ba. Marar madubi allonta da farantinta na kunne muddin tana aiki, don haka tana shan batir. A ma'aunin CIPA, D750 ta Nikon mai madubi na ɗaukar hoto 1,230 da caji ɗaya, Z6 ta farko 310. Sababbin sun gyaru, amma har yanzu mai madubi ce gaba. Wanda ya taɓa ɗaukar biki a ƙauyen da ba wuta ya san ma'anar wannan. Ga ƙura. A yawancin marasa madubi, da ka cire gilashi faranti na nan tsirara yana kallonka. Ka yi haka a fili cikin hunturu, hotunanka su fito da ɗigo-ɗigo. Ga zafi, don dogon bidiyo na dumama kamara, mu kuwa a bazara inuwa ma ta wuce digiri 40. In ta lalace, mai gyaran da zai buɗe ta ba a kowane gari yake ba.

Ɗacin shi ne wannan garaɓasa na da iyaka. Gwanjon gobe daga sabon kayan yau yake fitowa. In yau ana ƙera kaɗan masu tsada, nan da shekara goma kaɗan masu tsada za su iso mu. Sannan akwai tarkon da na fi jin tsoro: matattun bakuna. Samsung NX ya mutu. Nikon 1, da aka fara a 2011, an binne shi a 2018. EOS M na Canon, da aka fara a 2012, an daina shi, kuma gilasansa ba su hawa RF. Duk waɗannan marasa madubi ne, duk suna yawo a gwanjo da araha mai jan ido. Yaron da ya shiga kasuwa yana cewa "a ba ni marar madubi, duk wadda kuɗina suka kai", irin su za a miƙo masa. Ya sayar da babur ya auri gawa.

Ga abin da na ce wa ɗan ƙanwata. Kada ya taɓa babur, don shi ke ciyar da shi a watannin da ba biki. Ya fara da abin da zai gyara hotonsa gobe da safe: ƙaramin gilashi mai milimita 50 mai buɗewa sosai, wanda a gwanjo bai kai kuɗin tayoyin mota ba, da fitila mai kyau, da abin ɗaukar murya, don rabin kyan bidiyo sauti ne. Ya shiga adashi. In kuɗi sun taru, ya zaɓi baki kafin ya zaɓi kamara: ya tabbata bakin na raye, ya tabbata gilasan da yake da su za su hau, ya duba ko akwai masu ƙera gilashi mai sauƙin kuɗi a kansa. Sannan ya sayi ƙirar shekara huɗu ko biyar baya, ya bar sabuwa ga masu tseren Olamfik.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kawu, duk na ji. Amma amarya ba ta san CIPA ba. In ta ga na wancan ya fi nawa sheƙi, shi za ta kira." Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Kasuwarsa ma gasa ce, kuma jira na da nasa farashin. Mun rabu a kan zai riƙe babur zuwa bayan kaka, lokacin da bukukuwa ke yawa, mu ga abin da gilashin da fitilar za su kawo. Ya ce in amare sun guje shi, ni zan cika masa kuɗin. Na ce na yarda, da sharaɗin ranar saye tare za mu je, kuma bakin zan fara dubawa.